Dubun da Ta Fito daga Hannun Ama

Shafi na 19

Masu damuna da saƙo tun shekaranjiya, ga shi nan. Ku zauna ku karanta a nitse, ku daina tsallake layi kuna dawowa kuna tambayata abin da na riga na faɗa.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Tsoho Ang na garin Yanchao, mai gonar gwaiba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara. Matarsa, wadda kowa ke kira Ama, ta rasu kafin ruwan bana ya sauka. Gona ta koma hannun ɗansa Kuoliang, jaka ta koma hannun matar ɗan, Peishan. 'Yarsa Wanju kuma aurenta ya mutu, ta dawo gida da yarinyarta Nini, suna kwana a ɗakin da ake tara kwalayen gwaiba. Dangin uban Nini, mutanen gidan Tsai, jira kawai suke su ji an ce Wanju ba ta da wurin kwana, su zo su ɗauki 'yarsu.

Ana cin abincin yamma Ahao ya ta da maganar, ɗan Kuoliang, bakinsa cike da shinkafa.

"Gobe kasuwar littattafai a makaranta. Mota guda suka kawo, an cika ɗakin taro."

"Haɗiye tukuna," in ji uwarsa.

Ya haɗiye.

"Malama ta ce kowa ya zo da kuɗinsa."

"Nawa?" in ji Kuoliang, bai ko ɗago daga kwanonsa ba.

Peishan ta jawo waya.

"Tun rana iyaye ke faɗa a zauren ajinsu. Wannan ta ce ɗari uku ya isa, waccan ta ce ɗari uku ko bangon littafi ba ya saya yanzu. Matar mai kantin magani ta ce ita dubu biyu za ta bayar."

"Ita ai da ciwon mutane take sayen littafi," in ji Kuoliang.

"Ni dai ba za a ga ɗana yana shafa kaya yana ajiyewa ba."

Ta buɗe jaka ta zaro dubu, shuɗiya, sabuwa, ta ajiye a gaban Ahao. Yaron ya danne ta da gwiwar hannu ya ci gaba da ci.

Nini tana ɗaya gefen teburin. Makarantarsu ɗaya da Ahao, aji ɗaya ya ba ta. Tana tsince ƙayar kifi tana jerawa a bakin kwano kamar ba a ɗakin take ba. Duk yarinyar da kuka ga ta iya yin kamar ba ta ji ba tana shekara takwas, to manya sun riga sun cuce ta.

Tsoho Ang ya gani.

"Ni... Nini..."

"Ruwa kake so, Apa?" in ji Peishan. Apa shi ne baba a yarensu.

"A'a. Ita ma..."

"Ita ma ga kifi nan gabanta."

Haka ake masa tun da ciwon nan ya same shi. Maganar tana nan cikakkiya a kansa, amma kafin ta gangaro kan harshe wani ya riga ya ƙarasa masa da wata daban. Ya buga tsinken cin abinci a tebur.

"Littafi."

Wanju ta yi saurin cewa, "Apa, bar shi. Zan san yadda zan yi."

"Da me?" in ji Peishan. "Ba a biyan masu ɗaure gwaiba sai Asabar. Ni ke biya, na sani."

Tsohon ya tattara ƙarfinsa.

"A cire... a nawa. Katin... yana wajenki."

"Nawa za a cire, Apa?"

Ya nuna takardar da ke ƙarƙashin gwiwar hannun Ahao.

Peishan ta yi 'yar dariya, irin wadda ake wa yaro in ya ce a sayo masa jirgi.

"Apa, kuɗin tsufan nan naka ko maganinka ba ya kammalawa, mu ke cikawa. Kuma Ahao kuɗin ubansa na ba shi. Nini ma tana da uba. Sunansa Tsai, yana nan da ransa a Pingtung, an ce har babur ya sake."

"Aso," in ji Wanju ƙasa ƙasa, don haka take kiran matar wanta, "a gaban yara?"

"Me na ce? Ƙarya na yi? Jikan ciki, ɗan ɗa namiji, daban; jikan waje, ɗan 'ya mace, daban. Ba ni na kawo ba, tararwa na yi."

Ta sake buɗe jakar ta zaro jajayen ɗari guda biyu.

"Ungo, kar a ce ban yi ba. In bai isa ba, laburare kyauta ne."

Nini ta miƙe ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Akim." Haka take kiran matar kawunta.

Tsoho Ang ya juya yana neman idon ɗansa. Daidai nan kiɗan da motar shara ke sawa don a fito da shara ya taso daga bakin titi. Kuoliang ya miƙe zumbur ya ɗauki ledar shara ya fita, shi da ko tsinke ba ya kaiwa waje a sauran ranaku. Akwai mazan da motar shara ke cetowa daga magana a gidansu. Ban ce komai ba.

Washegari manyan suka sammaka gona, har da Wanju, don rana in ta ɗaga ba a iya tsayuwa cikin gwaiba. Aka bar tsoho da yara kafin lokacin makaranta.

Ya ja ƙafarsa da sanda har gaban teburin kakanni, inda hoton Ama yake kusa da tukunyar turare. Ya daɗe yana kallonta.

A durowar teburin nan akwai jan ambulan ɗaure da farin zare. Ranar da za a rufe akwatin Ama, an sa kuɗi a tafin hannunta, aka bar su ɗan lokaci, sannan aka zare aka raba wa zuriyarta, kamar yadda ake yi. Kuɗin ƙarshen hannu ke nan. Ba na cefane ba ne. Ajiye shi ake yi, shi ne irin arzikin gida, abu na ƙarshe da mamaci ya miƙa. An kira Kuoliang, an kira matarsa, an kira Wanju an ba ta ɗan kaɗan, ta sa a kuɗin lauya tun watan farko. An kira Ahao, babban jika, aka ba shi kaso mai kauri. Nini tana tsaye a layin baya da fararen kaya, ba a kira ta ba. Jikar waje ce.

Ambulan ɗin Ahao ne a durowar.

Tsohon ya tuna matarsa. Matar da ba ta taɓa ba jika ɗaya gwaiba ba sai ta tsaga biyu, har ta ɗora a tafin hannu ta gwada nauyi. Da tana nan jiya, da ta kife kwanon miya a kan teburin.

"Tsohuwa," ya ce wa hoton. Da ita maganar ba ta sarƙe masa. "Daga hannunki ya fito. To ke ce kika bayar."

Ya kama durowar da hannun dama ya ja. Ko motsi. Katakon ya sha damina ya kumbura, sai da hannu biyu.

"Nini. Zo... ja wa Akong." Haka jikokin ke kiransa.

Ta zo da kayan makaranta a jikinta, ta kama da hannu biyu, ta tokara ƙafa a ƙafar teburin, ta ja. Durowar ta yi ƙara ta fito.

"Je... ɗauko jaka."

Ta tafi. Ya kwance zaren da haƙori, ya zaro dubu ɗaya. Ya so ya mayar da ƙullin yadda yake, hannu ɗaya ya ƙi. Ya nannaɗe zaren haka nan, ya tura durowar da gwiwa.

Da ta dawo ya cusa mata takardar a aljihun riga.

"Sayi... babba."

"Akong, daga ina?"

"Ama."

"Ama ai ta rasu."

"Ta bari."

Yarinyar ta dubi hoton, ta haɗa hannu ta sunkuya sau uku, ta fita da gudu. Abin da tsohon bai lura ba shi ne Ahao, da ya tsaya a ƙofar kicin yana shan madara lokacin da ake jan durowar, ya kuma wuce kafin ya ga sauran.

Da la'asar yaran suka dawo.

Ahao ya zazzage nasa a ƙasa. Biro mai haske a duhu guda uku. Robar goge rubutu mai siffar kifi. Wani ɗan ƙarfe da ake murzawa a yatsa. Littafin zane-zane ɗaya, siriri, wanda ya riga ya karanta a hanya. Dubu ta tafi.

Nini littafi ɗaya ta rungumo, mai kaurin bango, ya kusa rufe mata ƙirji. Ta ɗora a gwiwar kakanta.

"Na tsuntsaye ne, Akong. Duk na ƙasarmu. Tun safe nake tsoron kar wani ya riga ni, guda biyu kawai suka kawo."

Ta buɗe tana juyawa, har ta tsaya a wani shafi.

"Ka gane wannan?"

Ya kawo fuskarsa kusa. Ɗan tsuntsu ne mai farin ƙeya.

"Ɓarawo," in ji shi.

"Shi ne mai huda mana gwaiba. An ce a nan wai yana da amfani, yana cin ƙwari."

"Wanda ya rubuta... ba shi da gona."

Ta fashe da dariya, shi ma ya yi, da rabin bakin da ya rage masa. Rabon da a ji dariyarsa a gidan tun kafin a kai Ama asibiti.

A haka Peishan ta shigo ta same su, hular gona a kanta, safar hannu har kafaɗa. Kuoliang da Wanju suna bayanta suna cire takalman roba.

Ta dubi tarkacen ɗanta ta ja tsaki.

"Na aike ka kasuwar littafi ka dawo mini da kifin roba."

Sai idonta ya kai kan gwiwar tsohon. Ta ɗauki littafin, ta juya bayansa inda ake manna farashi. Ta daɗe tana kallo.

"Nini. Nawa na ba ki?"

"Ɗari biyu, Akim."

"Ɗari biyu ta haihu a hanya?"

Yarinyar ta dubi kakanta.

"Wanju, ke kika ƙara mata?"

"Ban ƙara ba." Wanju ta durƙusa gaban 'yarta. "Nini, dube ni. Wa ya ba ki?"

"Ama."



Peishan ba ta sake tambaya ba. Ta cire safar hannu, ta tafi teburin kakanni, ta ja durowar da hannu biyu. Ta ɗago ambulan ɗin, zaren ya warware ya faɗi ƙasa. Ta leƙa ciki. Ta miƙa wa mijinta.

Kuoliang ya leƙa. Fuskarsa ta sauya.

"Ni ne," in ji tsohon.

Ba wanda ya juyo.

"Ni na ga Nini tana jan durowar," in ji Ahao daga ƙasa. "Da safe. Har ta sa ƙafa."

"Akong ne ya ce in ja."

"Kin ja ke nan," in ji Peishan.

"Ni ne." Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Ni... na... na..."

"Kai ka gani, Apa, mun ji. Ka ga tana ɗauka ka kasa hanawa."

"A'a. Na ba..."

"Apa, don girmanka ka daina rufa mata. Yau ka rufa, gobe kuma jakata."

"Aso," in ji Wanju, "'yata ba ɓarauniya ba ce. Apa ya ce shi ne. Kina ji yana faɗa."

"Ina ji. Ina kuma gani." Peishan ta tura durowar ta rufe da ƙarfi. "To Apa, ja mu gani."

"Peishan," in ji Kuoliang.

"Bar shi ya ja. Ya ce shi ne."

Tsoho Ang ya miƙe. Mutumin da ya sare dajin da ya zama gonar nan da hannunsa, wanda ya taɓa ɗaukar kwali uku a kafaɗa ɗaya. Ya ja ƙafa har gaban teburin, ya jingine sanda, ya kama durowar. Ya san ba za ta fito ba, ai shi ya sa ya kira yarinyar da safe. Amma bayanin hakan magana ce mai tsawo, kuma ba wanda zai jira ta. Sai ya ja.

Ya sake ja, jijiyar wuyansa ta miƙe.

A na uku hannun ya zame. Ƙafar hagu ba ta tare shi ba. Ya tafi gefe, ya sulale a jikin bango ya zauna a ƙasa daɓas, kusa da ƙafar teburin, sandar ta faɗo a cinyarsa.

Wanju da Kuoliang suka yi kansa tare.

"Bar ni," in ji shi. Wannan ta fito sarai.

Suka bar shi a zaune a nan.

"Kun gani," in ji Peishan, amma a hankali ta faɗa, ba ta dube shi ba.

Wanju ta juyo wajen wanta.

"Yaya, ran Asabar ku riƙe kuɗin aikina duka. Dubu ce, zan mayar. Har biyu in kuna so."

"Ki mayar da me?"

"Da dubun."

"Wace?" Kuoliang ya ɗaga ambulan ɗin. "Wanju, ke ma kin san ba dubu ce ta ɓata ba. Wannan takardar ta kwanta a tafin Ma. Ni na buɗe yatsunta na zaro, sun riga sun yi sanyi. Ki je banki ki ce a ba ki irinta."



"A mayar da littafin," in ji Wanju. "Suna nan har jibi. In roƙi mai sayarwa ya duba akwatinsa..."

"Ya duba ya gane ta da me? Da ƙamshi? Yara ɗari nawa suka miƙa masa shuɗiyar takarda yau?"

Peishan ta buɗe bangon littafin ta juyo da shi kowa ya gani.

"Ba ma zai karɓa ba. Duba."

A shafin farko, da biro, da rubutun yarinya mai kyau, an sa sunanta haɗe da na gidan ubanta, da aji. Nini ta rubuta tun a ɗakin taro don kar ya ɓata.

"Tsai," in ji Peishan. "Irin arzikin gidan Ang, wanda uwar gidan ta bar wa babban jikanta, ga shi an rubuta masa Tsai a goshi."

"Aso, yarinya ce."

"Kar ki ce mini yarinya. Wata huɗu ina kwana a kujerar asibiti. Ni na juya Ma, ni na wanke ta, ni na yanke mata farce. Kina Pingtung kina faɗa da mijinki. Ni na ɗaure zaren nan da hannuna. Ban taɓa cewa a gode mini ba. Kuka dawo na share muku ɗaki, na ƙara kwano biyu. Yanzu a ɗakin kakanni ma sai na sa kwaɗo?"

Ba duka ta yi ƙarya ba.

"Kuoliang, ni na gama. Ƙarshen wata su nemi wuri."

"Aso, ina za mu? Kin san ranar da na fita daga gidan nan, ranar za su zo su ɗauke ta."

"Ai 'yarsu ce. Ga sunan nan ta rubuta da kanta."

Nini ba ta yi kuka ba. Ta matsa ta karɓi littafin daga hannun Peishan a hankali, ta rungume, ta koma jikin uwarta.

Tsoho Ang yana ƙasa, maganar duka tana tafasa a kansa. Ni na kira ta. Ni na kwance zaren da haƙorina, ku duba za ku ga jiƙe yake da yawu. Gidana ne, ni na gina, ba a korar jinina ina da rai. Ya buɗe baki.

"Gi... gida..."

"Za mu kai ka ɗaki, Apa, bari a gama," in ji Peishan.

Ya rufe bakin.

Kuoliang ya tsaya a tsakiya, ya dubi matarsa, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ubansa a ƙasa. Ba zai ce ubansa ya yi ƙarya ba. Ba zai ce matarsa ta yi ƙarya ba. Yau kuma motar shara ba ta zuwa.

"Kuɗin Ma ne," ya ce. "A tambayi Ma."

Ya miƙa hannu kan teburin ya ɗauko 'yan katakon nan biyu jajaye masu siffar jinjirin wata, da ake jefawa in ana neman amsar waɗanda suka riga mu. Kowanne gefe ɗaya shafaffe ne, ɗaya mai tudu. In suka faɗi ɗaya ya nuna shafaffe ɗaya ya nuna tudu, an yarda. In duka suka nuna tudu, an ƙi, kuma da fushi. In duka suka nuna shafaffe, dariya ake maka, sai ka sake tambaya.

"In ta ce ta yarda, magana ta mutu, ba wanda zai sake ta da ita, ba kuma inda za su. In ta ce a'a..." Bai ƙarasa ba.

"Sau uku a jere," in ji Peishan.

"Sau ɗaya. Ma ba ta taɓa son a maimaita mata magana ba."

"Yaya," in ji Wanju, "zaman 'yata a kan katako?"

"Kina da wanda ya fi Ma a gidan nan?"



Kuoliang ya kunna turare ya kafa, ya durƙusa, ya zagaya katakon a kan hayaƙin.

"Ma, ni ne Kuoliang. An taɓa abin da kika bar wa Ahao, an sayi littafi da shi wa Nini, 'yar Wanju. Apa ya ce da yardarki. In haka ne, ki nuna mana."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi hoton daga ƙasa. Zuciyarsa ta ɗan kwanta. Ya san matarsa. Shekara hamsin ya san ta.

Kuoliang ya saki.

Ɗaya ya faɗi a fili, ya yi rawa, ya kwanta. Tudu a sama.

Ɗayan ya bugi ƙasa ya yi tsalle, ya shige ƙarƙashin jan zanen da ke rataye a gaban teburin har ƙasa. Aka ji ya bugi bango. Aka ji ya tsaya.

Ahao ya yunƙura.

"Kar ka taɓa zanen," in ji Peishan. "In ka ja shi zai iya juyawa. Miƙo mini wayata in haska ta gefe."

Yaron ya tafi lalube a jakarta.

Su duka suna gaban zanen, ba sa ganin komai. Tsoho Ang kaɗai ke zaune a gefe, a ƙasa, inda zanen bai rufe ba. Hasken ƙofa ya ɗan kai wurin. Ya sauke ido.

Katakon yana nan jikin bango, ya ɗan hau kan ƙafar teburin.

Tudu a sama.

Ya ƙifta ido ya sake dubawa. Bai sauya ba. Tudu da tudu.

Tsohuwa, ya ce a ransa, ke? Ke da kike gwada nauyin gwaiba a tafin hannu? Ko da ni kike fushi, don na yi shiru ranar da ba a kira Nini ba, sai yanzu na zo na yi kyauta da abin wani? To ki yi da ni. Me yarinyar ta yi?

Hayaƙin turare na tashi a gaban hoton.

Sai ya lura da sandarsa. Tun da ya faɗi tana kwance a cinyarsa, bakinta ya shige ƙarƙashin teburin. Tsakaninta da katakon bai kai faɗin yatsa biyu ba. Yadda katakon ya ɗage a kan ƙafar teburin nan, ɗan turi kaɗan ya isa ya kifar da shi.

Shekara hamsin bai taɓa sa wa matarsa magana a baki ba. Yau da safe ya fara. Wannan kuwa a gabanta ne, a ƙarƙashin teburinta, tana kallo.

"Apa," in ji Kuoliang, har yanzu a durƙushe. "Kai ne a ƙasa. Kana hangowa?"

Yanzu suka juyo gare shi, su duka. Yanzu kowa ya yi shiru yana jiran ya ƙarasa maganarsa da kansa.

Nini ta leƙo ta saman littafin.

"Akong, me Ama ta ce?"

Hannun dama, wanda shi kaɗai ya rage yana jin maganarsa, ya matse kan sandar.

"Ga wayar, Ma," in ji Ahao, yana miƙa wa uwarsa.

Peishan ta karɓi wayar, ta kunna fitila, ta zagayo ta gefensa, ta fara sunkuyawa.